Gafakar da Ruwa Bai Taɓa Ba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ruwa ya fara shigowa gidanmu, kuma ba ta ƙofa ya shigo ba. Ta kwata ya biyo, 'yar kafar nan ta gindin katanga da aka yi don ta riƙa fitar da ruwan wanke-wanke zuwa lambatu. Ina tsaye a bakin ɗaki na ga ta daina sha, ta yi ɗan jim, sannan ta fara amayo jan ruwa cikin tsakar gida. Na waiwaya na dubi agogon bango, don tun ina ƙarama nake da halin riƙe lokacin da abu ya faru. Ranar Talata ce cikin watan Agusta, ina da shekara goma sha huɗu.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Bana ma marka ta zauna a Zariya kamar ta waccan shekarar. Duk ranar da na taso daga karatu a jami'a, harabar Kongo, na ga hadari ya haɗo daga gabas, tun ban shiga layinmu na Tudun Wada ba sai in ji warin nan ya dawo mini a hanci, warin jiƙaƙƙiyar katifa da na masarar da ta fara tsiro a buhu.

Mu biyu ne a gidan, ni da Inna. Yayata Binta ta yi aure tana Hanwa. Baba kuwa shekararsa ɗaya da rabi da rasuwa. Tela ne, kuma da ciwo ya hana shi zuwa shago, sai ya koma zama a gindin gwaibar tsakar gida da hantsi, yana rubutu da ajami a kan warwarar takardu. Inna ce ke haɗa masa tawada, irin ta allo, da baƙin gindin tukunya da ƙaro. Kafin ya kwanta kwanciyar ƙarshe ya tattara takardun ya sa a gafaka, tsohuwar jakar fatar da ya yi karatu da ita, ya rataye ta a ƙusa can sama kusa da rufi. Inna tana da haddar surori, amma ba ta iya karanta hannunsa. A gabana ya ce mata, "Ki bar wa Sa'a. In ta gama sakandare, hankalinta ya zauna, ta karanta miki."

Ban jira na gama sakandare ba. A farkon dogon hutun nan, wata rana Inna ta tafi barka, na taka kujera na sauko da gafakar. Na zare takardun, na ƙirga su, sittin da uku. Na yanka tsofaffin jaridu daidai girmansu na cusa a madadinsu don kada jakar ta lotsa, na mayar da ita ƙusarta. Takardun kuwa na shimfiɗa su a ƙasan akwatina na ƙarfe, na dora littattafan makaranta a kai, na tura ƙarƙashin gado.

Niyyata in kwafe su da boko a wani sabon littafi. Da wata yarinyar ce, da ta fara leƙa ƙarshe. Ni ban iya haka ba. Daga shafin farko na fara, ba na wuce kalma sai na tabbatar da ita, wani lokaci layi ɗaya ya cinye mini hantsi guda. Cikin mako uku na kwafe shafi goma sha ɗaya: ƙauyen da aka haife shi, motar gyaɗar da ta kawo shi Zariya, yadda ya koyi ɗinki. Na tsaya a daidai inda yake cewa wata rana an aiko wata yarinya 'yar Tudun Jukun da yadin sallah, ta tsaya a bakin shago ta ƙi shigowa. Na gane Inna ce. Na ce gobe zan ci gaba. Littafin nawa na sa shi a jakar makaranta, na rataye a bayan ƙofa. Nawa rubutun na rataye a sama, nasa na ajiye a ƙasa.

Washegari ce Talatar.

Inna ta ƙwala mini kira, "Auta! Keke! Kama mini keke!"

Keken ɗinkin Baba shi ne abincinmu, don Inna ta karɓi ɗinkin mata tun bayansa. Muka kwance kan muka ɗora a saman kabad. Kafin mu juyo, ruwan tsakar gida ya kai ƙauri, yana ta juyi da leda da silifa da ɓawon rake. Muka koma kan buhunan masara biyu da Baffa Isa, ƙanen Baba, ya kawo mana. Muka ja, muka tura, muka iya ɗora ɗaya a benci, ɗayan ya fi ƙarfinmu. Ta bayan katanga muna jin muryar maƙwabciyarmu Maman Ngozi, mai shagon kayan masarufi, tana kiran sunan Yesu da na 'ya'yanta a haɗe.

Na ga ruwan ya taɓa dokin ƙofar ɗaki. Na ce, "Inna, bari in shiga."

"Ki shiga ki ɗauko me? Riƙe mini bencin nan kar ya kife. Gafakar babanki tana sama, ba abin da zai same ta. Sauran duk tsumma ne."

Nan ne wurin. Na sha komawa wurin nan a zuciyata fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Magana ɗaya ce a bakina, takardun Baba suna ƙarƙashin gado. Da na faɗa, da ta saki bencin da masarar duka. Amma faɗar tana nufin in ce na taka kujera, na saɓa maganar mamaci, na cusa jarida a gafaka. Na ce a raina ai akwatin ƙarfe ne, zai riƙe.

Na ce, "To."

Kafin magariba ruwan ya kai mini ƙugu. Mazan layi suka fito da mata da yara ta igiya, aka kai mu tudun bakin titi. A Hanwa muka kwana, wurin Yaya Binta.

Da muka dawo da safe ruwan ya janye, ya bar mana laka. Ta kwanta ko'ina kamar kunun da ya huce, a tsakar gida, a cikin tukwane, a cikin takalma. Masai ya cika ya tumbatsa, don haka ba laka kaɗai ba ce. A jikin bangon ɗaki ruwan ya ja layi madaidaici, kamar da ma'auni, ƙasansa ja, samansa fari. Inna ta tsaya ta dubi layin, ta ɗaga kai ta dubi gafakar, ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ɗaure zaninta ta ce in miƙo mata faranti.

Da faranti muka fara kwasar laka, don shebur ɗaya ne a layin kuma yana zagaya gidaje. Mu cika bokiti, mu kai waje, mu dawo. Muka naɗe ledar ɗaki, muka tarar da tana a ƙarƙashinta. Katifa sai da mata huɗu suka kama ta. Muka shimfiɗa ta a kan bulo muka hau muna takawa, jan ruwa yana fita ta gefe, har ƙafafunmu suka yi fari suka tattare.

Maman Ngozi tana cikin masu takawar, zaninta a gwiwa. Ta ce, "Maman Binta, ke keke kika ceta. Ni sukari buhu biyu ya narke tas. Yau kwaɗin Tudun Wada shayi za su sha."

Inna ta ce, "Ki bi su da madara mana, kar su ce kin yi rowa."

"Madarar ma ta bi su! Biredi kawai za su saya."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana share ido da bayan hannu. Ni ban yi ba. Idona yana kan ƙofar ɗaki.

Baffa Isa ya zo da azahar. Ya leƙa rijiya ya ce kada wanda ya sha sai an yashe ta. Ya ƙwanƙwasa bangon kicin ya girgiza kai, don tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti, kuma ya sha ruwa ya ƙoshi. Da ya shiga ɗaki ya ga gafakar, sai ya cire hularsa ya mayar.

"Allahu Akbar. Kun gani ko? Abin da aka girmama aka ɗaga sama, Allah ya tsare shi. Sa'adatu, amanarki ce wannan, kin ji?"

Na ce, "Na ji, Baffa."

Duk wanda ya zo jaje sai an nuna masa ita. Ta zama abin da ake rarrashin Inna da shi.

Sai rana ta biyu na samu na jawo akwatin, lokacin da Inna ta fita zaure wurin masu jaje. Ashe gindinsa ya daɗe da yin tsatsa. Ruwan ya shiga ta ƙasa, bai kuma samu hanyar fita duka ba. Na kwashe littattafan makaranta, sun kumbura sun ninka girmansu. A ƙarƙashinsu ruwan ba ja ba ne kamar na ko'ina. Baƙi ne wuluk. Takardun suna kwance a ciki, sun manne sun zama curi ɗaya.

Tawadar allo an yi ta ne don a wanke ta. Na san haka tun ina shekara biyar.

Na durƙusa ina kallon baƙin ruwan. Duk abin da Baba ya faɗa yana cikinsa, da bisimillar da yake buɗe kowane shafi da ita. Ruwan rubutu ba a zubar da shi a kwata, ba a tsallaka shi. Shi kuma wannan ba ya shawuwa, don ya gauraya da ƙazantar ambaliya. Na ɗauko kwanon sha na riƙa ɗiba ina kaiwa gindin gwaiba, inda yake zama. Sawu uku na yi. Ƙasar ta riga ta ƙoshi, ta daɗe ba ta shanye ba. Na ja laka da ƙafa na rufe wurin.

Kwana tara rana ba ta fito ba. Sama ta yi fari fat, yayyafi ya zo ya tafi ya dawo. Ba abin da ke bushewa. Zannuwa a kan igiya suka fara wari, fumfuna ta fito a jikin takalma da bangon littattafai da bayan kabad. A rana ta uku bangon kicin ya zauna, ba da ƙara ba, kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa. Itace ya jiƙe, gawayi ya jiƙe. Rishon Maman Ngozi ne ya riƙa zagaya gida uku, kowa ya dafa sau ɗaya a yini.

Masarar muka baza a zaure kan tabarmi, muna juya ta da hannu safe da yamma. Duk da haka ta yi zafi, ta fito da fararen haƙora. Inna ta zauna tana tsince wadda ta yi baƙi, sauran aka kai inji. Tuwon yana da tsami da wani ɗaci a ƙarshen harshe, miyar kuwa kuka ce ba mai. Inna takan ce, "Ci, Auta. Ba shi da laifi, wahala ya sha kamar mu." Ina ci, amma kafin la'asar cikina yana ƙugi. Na lura tana rage nata tana tura mini, tana cewa warin gidan ya hana ta jin yunwa. Wannan ya fi yunwar ciwo, don na san abin da na yi mata.

Curin takardun na ɓoye shi a cikin littattafan makarantar da na jera a kan benci da sunan shanya. Kullum in ɗauki rezar ɗinkin Baba in ɗaga gefen shafi ɗaya a hankali. Wasu suka rabu, wasu suka yage, wasu suka bar rabin jikinsu a kan na ƙasa. Wata rana Maman Ngozi ta shigo karɓar risho ta same ni a kai.

"Sa'a, kar ki ɓare da ɗanye. Bari ya sha iska tukuna." Ta matso ta duba. "Wannan na makaranta ne?"

Na ce, "E."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ɗauki rishonta. A bakin ƙofa ta ce, "Ki sa a inuwa. In rana ta fito kar ki ba ta, za ta murɗe su."

A rana ta goma rana ta fito, mai zafi, har ƙasa tana hayaƙi. Duk layin ya fito da kayansa. Katifu a kan katanga, tabarmi a kan kwano, tsofaffi a bakin zaure suna shanya ƙafafu. Yara suna ta ihu. Ni ina bayan ɗaki da takarda sittin da uku, na jera su a inuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun bushe sun yi kamar ganyen da ya faɗo. A wasu akwai inuwar layi, toka-toka, kamar sawun tsuntsu bayan an yi shara. Na ɗaga su ga haske, na karkata su, na runtse ido. Ban iya karanta kalma ɗaya cikakkiya ba.

Da Inna ta tafi kai ɗinki, na sake taka kujerar. Na zare jaridun, na mayar da takardun yadda na ƙirga su, na rataye gafakar. Littafina mai shafi goma sha ɗaya na naɗe shi a leda biyu. Ban nuna wa kowa ba, don nuna shi daidai yake da faɗa.

Aka yashe rijiya. Baffa ya sa aka tayar da kicin da bulon siminti, aka ƙara wa dokin ƙofa tsayi. Aka yi fenti, amma duk damina layin nan sai ya fito ta ƙarƙashinsa. Duk damina kuma Inna takan sauko da gafakar, ta goge bayanta da tsumma da ɗan man shanu saboda danshi, ta mayar ba tare da ta kwance igiyar ba. Ni kuwa in ta fara sai in tuna ina da wanki.

Ranar da sakamakon jarrabawata ta gama sakandare ya fito, Yaya Binta ta zo da lemo da cincin. Ta ce, "To Inna, alkawari ya cika. A sauko da gafaka, malama ta karanta mana."

Na ajiye lemon da ke hannuna. Inna ba ta ɗago daga keke ba. Ta ce, "Ba yau ba. Yarinya ta gaji da karatu, ku bar ta ta huta."

Ba ta sake tayar da maganar ba, in wani ya tayar kuma sai ta kashe ta. Na ɗauka tsoron tuna Baba take yi. Na ji daɗin wannan tsoron nata, na ɓuya a bayansa shekara bakwai.

Yanzu abubuwa sun sauya kaɗan. Tun kafin hadari ya haɗu waya take gaya mana za a yi ruwa. Maman Ngozi ta koma garinsu, wasu ne a shagon. Gwaibar ta yi girma har ta leƙa maƙwabta. Kwatar dai tana nan inda take.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan azahar, aka tsuge da ruwa. Ƙarfe uku saura minti biyar na ga kwatar ta daina sha. Muka tashi. Ni na ɗaga kan keken ni kaɗai, don gwiwoyin Inna ba sa barinta yanzu. Na ɗora buhu a benci, na naɗe darduma. Inna tana zaune a bakin gado tana kallon tsakar gida. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Auta, duba ƙarƙashin gado, ko akwai abin da ba ya son ruwa."

Na durƙusa. Ba komai a wurin sai tsintsiya. Amma na kasa tashi. Ina nan durƙushe, fuskata a jikin ƙarfen gadon, na faɗa mata. Na faɗi kujerar, da jaridun, da akwatin, da "to" ɗin da na ce mata tana riƙe da benci. Na faɗi baƙin ruwan da gindin gwaiba. Na ce akwai shafi goma sha ɗaya da na kwafe, sun tsaya a inda wata yarinya ta zo da yadin sallah ta ƙi shiga shago. Na ce, "Inna, ba komai a cikin gafakar nan. Tun waccan shekarar ba komai. Ni na yi."

A waje ruwan ya zo har gindin dokin ƙofa ya tsaya yana lasarsa. Na ɗago na ce, "Inna, ki ce wani abu. Kin sani ne?"

Ta gyara bakin mayafinta, ta share mini fuska da shi kamar ina 'yar shekara biyar.

Ta ce, "Wa ke share ƙarƙashin gadon nan kullum? Tun ranar da kika sauke na sani, jarida ba ta da nauyin takardar Malam. Na yi shiru ne ina jira ki kai ƙarshe ki zo ki karanta mini, don ni ma na gaji da jira. Ranar ruwan na ɗauka kin mayar, ban tambaya ba, don kar ki san na sani. Da na ga baƙar ƙasa a gindin gwaiba na gane. Ke kin yi shiru, ni na yi shiru, ruwa ya ci tsakaninmu. Abin da ya rubuta ya tafi, Auta, ba ni da shi, ba ki da shi. Je ki ɗauko sha ɗayan nan ki karanta mini, ni ko layi ɗaya ban taɓa ji ba. Ki haɗo da biro. Daga bakin shagon nan, ina wurin, ni zan faɗa ki rubuta."